Jan Ƙyalle a Sitiyari

Wata huɗu ke nan da faruwar abin, amma har yau idan mota mai ƙarar salansa ta wuce ta gaban gidanmu sai gabana ya faɗi. Labarin kawuna nake so in rubuta, ƙanen mahaifiyata, wanda kowa a gareji ke kira Mai Birki. Labarinsa ba zai yiwu ba sai na faɗi abin da na jawo masa, don haka zan faɗa.

Kawu gajere ne, mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ba ya ji. Yana ɗan shekara goma aka kai shi koyon gyaran mota wurin wani maigida mai saurin hannu. Da ya kai sha shida, wata rana ya kwance birkin wata motar kaya, ya tafi cin abinci bai gama ba. Wani ya zo ya matsar da motar, ta ƙi tsayawa, ta rushe rumfar maigidan. Maigidan bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗauki sifana ya sauke masa a gefen kai. Kawu ya kwana uku jini na fita ta kunnen, daga nan ya toshe. Idan yana ba da labarin dariya yake yi, ya ce maigidansa ya taimake shi, ya rufe masa kunnen da ake cewa "yi sauri" a ciki.

Tun daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk motar da ya taɓa birkinta, kafin ya kwance noti ko ɗaya, sai ya ɗaura jan ƙyalle a sitiyarinta. Ba ya kwancewa sai ya gama aiki, ya cire takalmi, ya taka birkin da ƙafarsa tsirara. Ya ce takalmi yana yi wa mutum ƙarya, amma tafin ƙafa yana jin iska ko ta kai ƙwayar gero a cikin tiyo. Shekara talatin yana haka a garejin nan, har kowa ya haddace. Mota mai jan ƙyalle ba a tayar da ita, ko mai ita ne ya zo da kansa. Motar da aka ga babu ƙyalle kuwa, Mai Birki ya sallame ta ke nan, ba sai an tambaye shi ba.

Garejin fili ne da aka zagaye da katanga, ƙofarsa ɗaya. Rumfar Mai Inji ce ta farko, kuma a nan allon makullai yake, kowace mota da ƙusarta. Sai rumfar mai walda, sai ta mai fenti, ta Kawu na can ƙurya. Mai faci yana bakin ƙofa. Daga ƙofar titi ya gangara sosai zuwa mararraba, inda masu jiran motar haya ke tsayawa, masu tura kurar kaya kuma ke hutawa a gindin wani turken lantarki.

Ni na gama jami'a, na karanci injina, na shekara biyu ina aika takardun neman aiki babu amsa. Mama ta gaji da ganina a ɗaki ina kallon waya, ta ce in riƙa bin ƙanenta ko iska na sha. Ranar farko mai walda ya ga na fito da biro daga aljihu, ya sa mini suna Farfesa, sunan ya bi ni. Aikina wurin Kawu ɗaya ne. Idan an sa sabon kayan birki, iska kan shiga cikin tiyo, kuma muddin tana ciki birki ba zai kama ba. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana zaune a kujerar direba yana taka birki, ɗaya yana ƙarƙashin mota yana buɗe wani ɗan noti don mai ya fito da kumfar. Na ƙasa shi ke ba da umarni. Kawu ya ce buga, in buga. Ya ce riƙe, in danne. Ya ce saki, in ɗaga ƙafa. Yakan ce wa mutane 'yar'uwarsa ta kashe shekara biyar tana karantar da ƙafa ɗaya.

Mai motar da ta jawo komai saurayi ne da ake kira Guguwa. Ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota mai ƙofa biyu, ya sa Mai Inji ya cire injinta ya ɗora na babbar mota. Mai walda ya yanke salansarta har ƙararta na girgiza kwanon rumfa. Mai fenti ya yi mako uku a kanta, ya fito da ita shuɗiya tana ɗaukar ido, kuma Guguwa ya rantse duk wanda ya ƙarce ta sai ya ƙarce masa fuska. Ba wasa yake ba. A gabana ya taɓa marin mai faci, dattijo, don kawai ya jingina taya a jikinta.

Kawu ya ce duk sun taru sun koya wa motar gudu, babu wanda ya koya mata tsayawa. Guguwa bai saurare shi ba sai da birkin ya yi hayaƙi a hanya wata rana, ya tsallake rijiya da baya. Sannan ya kawo ta, ya ce a yi mata abin da ya dace, amma a gama kafin Asabar, don za su yi tseren mota shi da abokansa a wani fili bayan gari.

Aikin ba ƙarami ba ne. Faifan birkin da ke juyawa tare da taya ya yi wa sabon injin ƙanƙanta, sai an sa manya. Kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan, ita ma sai babba, kuma ba ta zauna a mazaunin tsohuwar ba, sai da mai walda ya ƙera mata wani. Babbar kalifa tana shan mai da yawa, don haka masta da ke tura man ita ma sai an sauya. Ga sababbin tiyo, ga wani man birki na musamman wanda ba ya tafasa da zafi. Na zauna na cika takarda biyu da lissafin girman mastar da za ta dace. Kawu ya karɓa ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini wata masta da ya riga ya ajiye tun jiya. Girmansu ɗaya da abin da na fitar. Ya ce to madalla, takarda ta yarda da shi.

Guguwa yana zuwa safe da yamma yana masifa. Rana ta uku ya zo ya tarar an mayar da tayoyin baya, ya wuce kai tsaye allon makullai. Mai Inji ya tare shi, ya nuna masa ƙyallen. Guguwa ya dawo ya cakumi wuyan rigar Kawu, ya haɗa bayansa da jikin rumfa har sifanu suka zubo daga kan katako. Ya ce wani tsumma ba zai hana shi dukiyarsa ba. Kawu bai ɗaga hannu ba. Ya jira har ya sake shi, ya gyara rigarsa.

"Ɗan nan, ranar da ka zo ka ga babu ƙyallen nan, ɗauki motarka ko ba na nan," in ji shi. "Amma in yana nan, sai dai ka bi ta kaina."

Washegari da hantsi muka fara fitar da iska. Mun gama tayoyin baya biyu, man ya ƙare. Na gaba, waɗanda su ne ke riƙe mota idan tana gudu, cike suke da iska. Motar kuwa tana tsaye a kan tayoyinta huɗu, don Mai Inji ya karɓi jak ɗinmu na ɗaga mota, Kawu ya ce ba komai, ana iya kai hannu ga na gaba idan an karkata sitiyari. Irin man nan ba a samunsa kusa. Kawu ya hau kekensa, don shi bai taɓa mallakar mota ba, ya ce in tsiyaye ɗan abin da ya rage a gwangwani cikin tukunyar mai kada ta bushe. Ya juyo daga bakin rumfa ya ce in yi hankali, man birki yana cin fenti.

Ina tsiyayewa gwangwanin ya kufce. Man ya zuba a gefen motar, ya gangara a kan shuɗin fentin nan. Abin da na gani a idona shi ne hannun Guguwa a fuskar mai faci. Na duba dama da hagu, tsummokaran Kawu duk baƙaƙe ne da giris. Na leƙa ta tagar motar, ga ƙyalle mai tsabta a gabana. Ban yi tunani ba. Na kwance shi, na goge man, na ɗebo ruwa na wanke wurin, na sake gogewa. Fentin bai tashi ba. Na yi ajiyar zuciya. Na ce bari in matse ƙyallen in mayar.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Lambar wani kamfani ce da na aika wa takarda wata bakwai da suka wuce. Mai walda yana yankan ƙarfe, ba na jin komai. Na cusa ƙyallen a aljihun wando, na zagaya bayan katanga. Wata mata ce, tana so ta tabbatar da shekarar da na gama da darajar da na fito da ita. Ina amsawa cike da murna. Daga baya na duba wayar, minti takwas muka yi.

Tana cikin gaya mini ranar da zan zo a gana da ni na ji ƙarar salansar.

Abin da ya faru a cikin minti takwas ɗin na ji shi daga baya. Guguwa ya shigo, ya leƙa, ya ga sitiyari babu komai. Ya kira Mai Inji, shi ma ya zo ya leƙa, ya ga tayoyi huɗu a ƙasa, babu ƙyalle, ya ce Mai Birki ya gama ke nan. Ya rufe bonet da hannunsa, ya ciro makulli daga allo ya miƙa. A bakin ƙofa Guguwa ya ɗan taɓa birki, na baya suka riƙe ta saboda tafiyar a hankali ce. Sai ya hau titi ya taka totur har ƙasa.

Na iso ƙofa da gudu ina ihu, amma wa zai ji ni a cikin ƙarar nan. Na ga jan fitilun bayanta sun kama a tsakiyar gangara, sun mutu, sun sake kamawa. Yana bugun birki ne, ƙafarsa na nutsewa. Bayan motar ya fara lilo. Mutanen da ke jiran mota suka watse. Wani mai kura yana tsallaka mararraba da buhunan siminti, kansa a ƙasa, yana turawa da dukan ƙarfinsa. Motar ta daki kurar, ta tafi da ita da shi, ta haɗa su da turken lantarki. Ƙurar siminti ta tashi ta rufe komai. Da ta lafa na ga mutumin a zaune a ƙasa, fari fat, ƙafarsa a matse tsakanin ƙarfen kura da turke. Bai yi kuka ba tukuna. Yana kallon ƙafar ne kawai.

Jama'a suka jawo Guguwa ta taga. Na hango hannuwa na tashi suna sauka. Wani ya fasa gilashin baya da dutse. Shi kuma yana kare kansa yana nuna sama, wajen garejinmu, yana cewa yanzu aka ba shi motar, an ce an gyara birki. Ba a jima ba na ga sun taso, sun fi mutum arba'in, suna jan sa a tsakiya, jini ya wanke masa fuska. A gaba akwai masu kura huɗu, ɗaya a cikinsu ƙanen wanda aka buge ne, rigarsa duk siminti da jinin wansa.

Mai Inji suka fara kamawa, tunda shi ya ba da makulli. Kafin ya yi magana an fasa masa leɓe. Yana ta maimaita cewa babu ƙyalle, ya duba da idonsa, babu ƙyalle. Mutanen titi ba su san wane ƙyalle yake nufi ba, suka ɗauka raina musu hankali yake, suka ƙara masa. Ni ina tsaye a bakin rumfar Kawu. Hannuna yana kan aljihuna. Ina jin danshin man a cinyata.

A lokacin Kawu ya shigo a kan keke, gwangwani biyu a leda a rataye. Mai faci ya hango shi tun daga nesa, ya yi ta ɗaga murya yana cewa ya juya, ya gudu. Amma ta hagun Kawu yake. Kawu ya wuce shi bai ji ba. Ya sauka, ya jingina keken, ya ajiye ledar a ƙasa. Ya kalli inda motar take a da, ya kalli Guguwa, ya kalli Mai Inji a durƙushe. Sannan ya kalle ni. Idonsa ya sauka kan wandona, inda mai ya yi tabo, inda bakin jan ƙyalle ya leƙo. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ya tako ya tsaya tsakanina da su, ya juya mini baya.

"Ku sake shi, ba shi da laifi," in ji shi. "Ni ne mai birkin. Na fita ban ɗaura ƙyalle ba."

Mai Inji ya ɗago da baki cike da jini ya ce amma shi kamar ya ga ƙyallen da safe. Kawu ya ce masa ai jiya ne ya gan shi.

Sanda ta farko a kafaɗa ta same shi. Ta biyu a bayan gwiwa, ya durƙusa. Daga nan ban iya ƙirgawa ba. Suka shiga rumfar suka kwaso kayan aikinsa, da su suka yi masa. Guguwa, wanda yanzu aka sake shi, shi ya fi kowa zafi, yana shurinsa a haƙarƙari yana cewa tsoho ya so kashe shi. Kawu ya dunƙule, ya rufe kansa da hannuwa. Ƙanen mai kura ya ga tsohon faifan birkin da muka cire daga motar, a jingine. Ƙarfe ne mai nauyi, da hannu biyu ake ɗaukarsa. Wani ya take wa Kawu damtse, hannunsa na dama ya miƙe a kan siminti. Ƙanen ya ce da wannan hannun ya yi aikin, ko? Ya ɗaga faifan ya sauke gefensa a kan hannun. Ya sake ɗagawa. Sau uku.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe baki, amma babu abin da ya fito. Mai walda ya fizgo ni ta baya, ya jefa ni cikin rumfarsa, ya ja ƙofar kwano. Ta wata ɓula nake kallo. Kuma abin da hannuna ya yi a cikin duhun nan, ba tare da na sa shi ba, shi ne ya tura bakin ƙyallen can cikin aljihu.

Jiniyar 'yan sanda ce ta watsa su. Muka ɗauki Kawu a bayan motar mai fenti. Hannun yana kan cinyata duk hanya, ba ya kama da hannu.

A asibiti an cire masa yatsu uku, wuyan hannun kuma ba zai sake lanƙwasawa ba. Haƙarƙari huɗu sun karye. Mai kura yana ɗakin da ke kusa, an yanke masa ƙafa daga gwiwa. Mama tana zaune a bakin gadon ƙanenta kullum, tana ba shi ruwa da cokali, tana cewa ita ba ta yarda ba, wannan mutumin ko cokali ya ara sai ya mayar da shi inda ya ɗauka, ta yaya zai manta ƙyalle. Shi kuma ya ce, "Yaya, tsufa ne."

Ranar da ta fita sayen magani na durƙusa ta gefen kunnensa mai ji. Kafin in fara ya tare ni. Ya ce 'yan'uwan mai kura suna nan suna zagaye asibiti, kuma Yaya ɗa ɗaya gare ta. Ya ce shi an riga an karɓi abin da za a karɓa a jikinsa.

"In ka buɗe baki, hannun nan ya tafi a banza," in ji shi. "Ka je ka karɓi aikinka."

Na yi shiru mako shida. Ranar ganawa da kamfanin na sa riga na fita, na isa mararraba, na ga turken a karkace, na juyo gida. Ƙyallen na ɓoye shi a cikin wandon a ƙasan akwati. A gareji magana ta canza. Waɗanda a da suke rantsuwa da aikin Kawu suka fara cewa dama sun lura hankalinsa ya ragu. Masu motoci suka daina tambayarsa. Shugabannin gareji suka sa ranar zama, kuma kowa ya san abin da za a yanke: za a karɓe rumfar a ba wani, a ce kada Mai Birki ya sake taɓa mota a cikin katangar nan. Kawu ya ji, ya ce to. Amma matarsa ta gaya wa Mama cewa tun da ya dawo gida, kullum sai ya fito da sifanunsa da suka rage ya jera su a tsakar gida, yana gwada riƙe su da hagu.

Ana gobe zaman na shiga ɗaki da yamma na tarar da ƙyallen a kan matashina. An wanke shi, an goge, an ninke shi huɗu. Mama ce ta kwashe kayan wanki. Na fito na same ta tana tsintar wake a ƙofar kicin. Ba ta ɗago ba. Ta ce tun yana goye ita ta raine shi, kuma ba ta san ta haifi wanda zai bari a binne shi da rai ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

An yi zaman a rumfar Mai Inji, mutum kamar ashirin a kan benci da tayoyi. Kawu yana gefe, hannunsa a naɗe a ƙirji. Shugaba ya fara dogon bayani a kan amana. Na miƙe, na ajiye ƙyallen a kan teburin da ke gabansa. Na faɗi komai, man da ya zube, fentin, wayar, minti takwas. Na faɗi abin da hannuna ya yi a rumfar mai walda.

Mai Inji ya taso a hankali. Mako shida yana zargin idonsa, yana cewa shi ya kashe ƙafar bawan Allah. Ya naushe ni a baki, na faɗi kan allon makullai, suka zubo a kaina. Haƙorina na gaba ya tafi. Ya sake ɗaga hannu, mai walda ya riƙe shi. Babu wanda ya ce bai kyauta ba, ni ma ban ce ba. Shugaba ya juya ga Kawu ya tambaye shi ko gaskiya ne. Kawu ya ce yaro ne mara jin magana, tun yana ƙarami haka yake. Ya tashi ya fita.

Ba a karɓe rumfar ba. Mai faci ya bi layi yana gaya wa duk mai motar da ya tsaya sa wa taya iska cewa Mai Birki bai taɓa mantawa ba, ko sau ɗaya. Na je gidan mai kura na faɗa masa shi ma, Mama ta raka ni. Ƙanensa ya miƙe, mai kurar ya ce masa ya zauna. Ya saurare ni har ƙarshe yana shafa dungulmin ƙafarsa, sannan ya tambaye ni ko fentin ya tashi. Na ce bai tashi ba. Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Ina zuwa wurinsa duk mako. Har yau bai ƙara ce mini komai ba, amma bai hana a buɗe mini ƙofa ba.

Kawu ya yi kwana goma sha biyu ba ya amsa gaisuwata. Rana ta sha uku ya aiko matarsa ta ce in same shi a gareji da safe. Wata motar haya ce aka kawo, tsohon mai hulɗa da shi ne ya ce shi ba zai kai wa kowa ba. Kawu yana tsaye a gefenta da ƙyallen a hannun hagu. Ya miƙo mini. Ya ce da hannu ɗaya ba a ƙulli. Na ɗaura, ya sa yatsa ya ja, ya ce in ƙara na biyu.

Ya tsaya a kaina yana nuna mini kowane noti da baki, na sauya takalman birkin, na sa sabon tiyo. Sifana ta kufce mini sau biyu. Da aka zo fitar da iska na nufi kujerar direba kamar yadda na saba. Ya tare ni da kafaɗa. Ya ce ƙafarsa babu abin da ya same ta. Ya cire takalmi ya ajiye a bakin ƙofar motar, ya shiga ya zauna.

Na kwanta a kan kwali, na shiga ƙarƙashi, na kama ɗan notin. Daga nan ba na ganin komai sai ƙarfe da tabon mai a siminti, daidai wurin da hannunsa ya miƙe. Yanzu ni ne na ƙasa, ni zan ba da umarni. Na ce buga. Ban ji motsi ba. Na sake faɗa.

"Ba na jin ka, Farfesa," in ji Kawu daga sama. "Ɗaga murya."

Na ja numfashi, na faɗa da ƙarfi. Na ji birkin ya fara sauka a ƙarƙashin ƙafarsa, ɗaya, biyu, uku. Na ce riƙe. Na buɗe notin, man ya fito da kumfa, ya bi yatsuna ya gangara har gwiwar hannu.